Fada Daban, Faɗa Daban

Duk wanda ya saba ratsa shagunan wasan bidiyo da ke kewayen kasuwar Arzeke, ko ya zauna teburin mai shayi a Zangon Paraku bayan sallar isha'i, ya san gardamar da nake nufi. Samari sun buga Tekken da Mortal Kombat har yatsu sun yi kanta, sai wani ya jefa tambaya: da za a ƙera irin wannan wasa namu na kanmu, a tara mazajen ƙasar Hausa da na ƙasar nan a fili guda su gwabza, su wa za a sa? Kafin ka ce kwabo wuri ya kaure. Wannan ya ce Sarauniya Amina, wancan ya ce Kanta na Kabi. Wani ya ce ai in ba a sa masu tutar Shehu ba, to wasan bai yi ba. Abokinsu ɗan Bargu ya ce Bio Gera ko a fasa. Ƙananan cikinsu kuwa, waɗanda idonsu ya buɗe a kan finafinan Kano, nasu rikicin daban ne: Ali Nuhu ne zai buge Adam A. Zango, ko Zango ne zai buge Ali Nuhu. A Jugu ma zancen ke nan, sai dai a sauya suna ɗaya ko biyu.

Wasan da ake wa wannan hayaniya ba a ƙera shi ba tukuna, don haka mai karatu yana iya cewa ɓata baki ne. Ni ban ɗauke shi haka ba. Jerin sunayen da mutum ya zaɓa idan aka ce ya kawo mazajen gidansu yana tona wanda yake ganin girmansa da wanda yake jin kunyarsa. Abin da ya dame ni shi ne, a duk wannan jere-jere da wuya ka ji an ambaci Shago. Da wuya ka ji Ɗandunawa. Ana maganar wasan naushi, an tara sarakuna da malamai da 'yan fim, an bar masu naushin a waje. Ra'ayina a fili yake: fada daban, faɗa daban. A bar sarakuna a fada, a bar malamai a zaure, a kira 'yan dambe da 'yan kokawa da mutanen tatsuniya su shiga fili, don su ne masu filin.

Gardamar nan ba a Arzeke aka haife ta ba, kuma yana da kyau mu san yadda ta kaya a gidan da ta fito. Tun da kamfanonin Japan suka fara haɗa jaruman wasanni daban-daban a dandali ɗaya, kamar X-Men vs. Street Fighter a 1996 da Super Smash Bros. na kamfanin Nintendo a 1999, masu buga wasa ba su daina musu a kan wanda ya cancanci shiga ba. A 2015 Nintendo ya buɗe ƙuri'a ga duniya, aka kaɗa kusan miliyan 1.8, aka sanar da cewa Bayonetta za a sa. Sai a watan Oktoba na 2021 mai tsara wasan, Masahiro Sakurai, ya bayyana cewa Sora na wasan Kingdom Hearts ne ya fi kowa samun ƙuri'a tun wancan lokaci, amma a sannan ba a iya sa shi ba, domin akwai hannun kamfanin Disney a kansa. Sora ne ya rufe jerin Super Smash Bros. Ultimate, wanda ya haura jarumai 80. Duk da wannan yawa, Sakurai ya kafa ƙa'ida ya tsaya a kanta: wanda ba daga wasan bidiyo ya fito ba ba ya shiga. Masoya Goku sun yi roƙo har sun gaji, ba a buɗe musu ƙofa ba. Goku bai rasa suna ba, bai rasa ƙarfi ba. Ba ɗan gidan ba ne kawai.

A 2017 kamfanin Capcom ya fitar da Marvel vs. Capcom: Infinite babu ko ɗaya daga cikin 'yan X-Men, babu Wolverine babu Magneto babu Storm, alhali su ne ginshiƙin wasan tun farkonsa. Da aka matsa da tambaya, wani jami'in kamfanin ya ce ai jarumi aiki ne kawai yake yi a cikin wasa, in wani zai yi irin aikin to shi ke nan. Masu saye ba su yafe wannan magana ba, wasan kuma bai yi kasuwar da aka zata ba. Sai kuma abin da ya faru a watan Afrilu na 2025, wanda na san da yawa daga cikinku sun gani a waya. Kamfanin SNK ya dawo da Fatal Fury bayan shekara 26, sai ga Cristiano Ronaldo a cikin jerin mafaɗata, yana harbin mutane da ƙwallo. Kowa ya san dalili: kusan dukan hannun jarin SNK yana hannun gidauniyar Misk ta Yarima Muhammad bin Salman, Ronaldo kuwa yana buga wa Al-Nassr ta Riyadh. Babu ɗan ƙwallon da ya fi Ronaldo mabiya a duniya, amma tsofaffin masu buga wasan suka yi ca, suna tambayar me ya kawo shi, alhali ga jaruman da suka jira shekara da shekaru an bar su a baya.

Waɗannan labarai biyu sun nuna iyaka biyu. In ka ce suna ba komai ba ne, salon faɗa ne kaɗai abin dubawa, ka yi kuskuren Capcom. In ka ce suna ya isa ko babu salon faɗa, ka yi na SNK. Wanda ya cancanci gurbi shi ne wanda sunansa da faɗansa abu ɗaya ne, wanda in an ambace shi jikinka ya tuna yadda yake tsayawa da yadda yake kai hannu. To ku auna Ali Nuhu da Adam Zango da wannan mudu. Mutane ne da suka yi wa harshenmu hidima, sun kai Hausa gidajen da ba ta taɓa shiga ba, har a nan Benin akwai waɗanda suka koyi Hausa a bakin finafinansu. Amma wane naushi ne aka san Ali Nuhu da shi? Sa su cikin wasan faɗa shi ne namu Ronaldon, kuma ba mu da kuɗin Saudiyya da za mu fake da su.

Wannan mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne batun sarakuna da mazajen tarihi, kuma a nan nake roƙon ƙannena su saurara da kyau.

Masu jera sunayen manya suna hango gwaninsu ne yana cin nasara, hannu a sama, ana masa kiɗa. Sun manta da abin da kowane yaro mai riƙe da manet ya sani: a wasan faɗa babu wanda ba ya shan kashi. Haka aka gina shi. Dole kowane jarumi ya zama ana iya kayar da shi, in ba haka ba wasan ya lalace. Duk wanda ka sa a jerin nan, ka amince ke nan a yi masa dukan kawo wuƙa sau dubu a yini, a shago ɗari, a hannun yaro ɗan shekara goma da ya biya 'yan sefa ya karɓi kujera. Za a taka shi, za a yi jifa da shi, za a tsaya a kansa a yi rawa. In kuma irin Mortal Kombat ne, kun san yadda ake ƙarasa wanda ya faɗi, ba sai na zana muku ba.

Yanzu ku ɗauki Bio Gera. Basaraken Wasangari ne da ya ja daga da Faransawa, aka kashe shi a watan Disamba na 1916, kuma labarin da ake bayarwa shi ne an sare kansa. A watan Yuli na 2022 gwamnati ta ƙaddamar da gunkinsa bisa doki a Kwatano, rana ɗaya da gunkin jarumar Dahomey. A nan Paraku ma akwai dandali mai sunansa. Wane ɗan Bargu ne zai zauna ya kalli ɗan Bahaushe yana danna maɓalli yana maimaita wa Bio Gera abin da sojan mulkin mallaka ya yi masa, ya ce ai wasa ne? Kuma wane Bahaushe ne zai ji daɗi in aka juya abin a kan wanda yake girmamawa?

Mu da muke zaune a Bargu muna da dalilin yin hattara fiye da ɗan Kano ko ɗan Maraɗi. Kakanninmu fatake ne suka shigo ƙasar nan, a kan hanyar goro da ta taso daga Kano ta bi ta Nikki da Paraku da Jugu ta nufi Gwanja. Sun sauka a zango, sun biya fito, sun zauna ƙarƙashin amanar masu ƙasa. A daidai wancan zamani Bargu ba ta shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba, kuma a shekarun 1830 Sarkin Nikki Sero Kpera ya fita da rundunarsa ya taya Alafin na Oyo yaƙar Ilori, ya rasa ransa a can. Wannan tarihi ne da manyanmu da manyansu suka san yadda ake zagaye shi, shi ya sa aka yi shekara kusan ɗari biyu ana cin kasuwa ɗaya, ana auratayya, ana jin Dandanci a bakin kowa. Sai mu kuma mu zo mu sa mai tutar Shehu a hagu, Sarkin Nikki a dama, mu miƙa wa yara su sake buga yaƙin kullum da yamma, wanda ya ci ya yi wa ɗan uwansa ihu? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu da muke 'yan tsiraru a gari mu ne bai kamata mu riƙe guduma ba.

Batun malamai da waliyyai kuwa bai ma kamata ya kai ga muhawara ba, amma tun da ana ambatarsu, ga abin da ya faru a wasu wurare. A 2003 kamfanin Microsoft ya janye wasan faɗa mai suna Kakuto Chojin daga kasuwa saboda an sa karatun Alƙur'ani a cikin kiɗansa. A watan Satumba na 2017 gwamnatin Malesiya ta toshe shagon wasanni na Steam baki ɗaya na ɗan lokaci saboda wani wasa, Fight of Gods, da ya haɗa waɗanda addinai ke girmamawa suna naushin juna. Waɗancan baƙi ne suka yi, muka ce rashin sani ne ko rashin kunya. In mu muka yi da hannunmu, da sunan ƙauna, me za mu kira shi? Shehu Usmanu da Abdullahi na Gwandu da Nana Asma'u sun bar littattafai. Mai son ya girmama su ya je ya karanta.

Za a ce mini, to ai Japanawa suna sa nasu sarakunan. Gaskiya ne. Oda Nobunaga, wanda ya mutu a 1582, ya fito a wasanni da dama, wani lokaci ma a siffar shaiɗani, kuma ba a tayar da hankali ba. Amma can masarautun da suka yi waɗancan yaƙe-yaƙe an rushe su tun ƙarni na 19, babu wanda ke tashi yau ya kai gaisuwa fadar Nobunaga. Mu namu jikokin suna kan gadon sarauta. Ana bikin Gani a Nikki duk shekara, ana hawan salla a Zariya da Katsina, ana ziyarar Hubbare a Sakkwato. Abin da ya zama tatsuniya a wurinsu, a wurinmu dangi ne.

Sarauniya Amina ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a hannun abokan gardamata, don haka zan tsaya a kanta. Sun ce duniya ta riga ta karɓe ta a wasan kwamfuta, kuma ba su yi ƙarya ba. A 2021 wasan Age of Empires III ya ƙara Hausawa cikin al'ummominsa, Amina ce jagorarsu. A 2025 ta fito cikin shugabannin Civilization VII. Na yi murna da duka biyun. Amma ku duba irin wasannin: na mulki ne da dabarar yaƙi, inda ake gina gari, a tara dawaki, a buɗe hanyar fatauci, a zagaye birni da ganuwa. Wannan shi ne aikin da aka san Amina da shi, har yau ana cewa ganuwar Amina. A can tana zaune a matsayinta, tana ba da umarni. Wasan faɗa kuwa zai sauko da ita daga kan doki, ya raba ta da rundunarta, ya ce ta yi dambe da ƙato. Sannan duk wanda ya ga irin suturar da ake ɗinka wa Mai Shiranui da Kitana ya san abin da masu zane za su yi da ita in kasuwa ta buƙata. Wanda ke son Amina ya bar ta inda take.

Na fahimci abin da ke tura samarinmu ga manyan sunaye. Yaro ya tashi a Paraku ko Jugu, a lakwal an koya masa Behanzin da Bio Gera da Kaba, ya duba littafin tarihi bai ga kakansa ba. A kasuwa ana kiransa baƙo ko da kakan kakansa a nan aka binne shi. In aka ba shi dama ya kawo nasa, dole ya ɗauko mafi girma da ya sani ya dire a tebur, don a san shi ma ɗan wani ne. Wannan ƙishi na gaskiya ne. Sai dai an ɗauko tulun da ba shi ne na ruwan ba.

Ga abin da muke da shi wanda babu mai irinsa. Dambe, tun kafin a ƙirƙiri PlayStation, wasan haɗaka ne da ƙa'idojinsa cikakku. Akwai ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramaɗa, kowanne da mazajensa da magoya bayansa. Akwai turmi uku. Akwai kisa, wato ka sa hannun abokin karawa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, in ba a samu ba a ce babu kisa a raba su. Hannu ɗaya an naɗe shi da ƙyalle da zare ya zama mashi, ɗayan a buɗe yana gaba ya zama garkuwa, ga kuma ƙafa tana jiran wanda ya yi sakaci. Akwai bahago, wanda tsayuwarsa kaɗai ke rikita lissafin na-dama. Akwai dogo mai cin nesa, akwai gajere mai kutsawa ciki. Ko sunayen ma sun isa su gina labari: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, sunan yaro yana gaya maka gidan da ya fito da ubangidan da zai rama wa. Masu tsara wasa a Osaka suna kwana suna ƙirƙiro wa jarumansu irin wannan dangantaka ta maigida da yaro da tsohuwar gaba. Mu tamu tana nan a shirye a gidajen dambe na Kano da Sakkwato da Dei-Dei ta Abuja.

Kuma ɗan dambe shi kaɗai ne faɗuwa ba ta zubar masa da mutunci. Ya san da ita ya shiga. An buge manya, sun tashi sun karkaɗe ƙura, an sake sa zare wani mako. Karawar Shago da Ɗandunawa har yau ana labarinta, kuma waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa su biyun da Ado Ɗan Kware sun rayar da su a kunnen waɗanda ba su taɓa ganinsu ba. Ka sa Shago a wasa, yaro ya kayar da shi da Ɗandunawa, gobe wani ya rama masa: ba ka ci zarafin kowa ba, ka ci gaba da musun da dattawa suka fara tun a bakin rediyo. A na yanzu ga Ali Ƙanin Bello, ga Dogo Mai Takwasara, ga Garkuwan Cindo, ga Ebola, waɗanda bidiyonsu ke yawo a wayoyin samarin nan da ke cewa ba mu da jarumai.

Ku haura Malanbil ku shiga Gaya, ga kokawa. Tun 1975, da aka yi gasar farko a Tawa Kantu na Maraɗi ya ɗauka, Nijar take fitar da sarkin kokawa ta ba shi takobi. Kadade na Tawa, Salma Ɗan Rani na Doso, har zuwa Isaka Isaka na Doso wanda ya ɗauki takobi sau shida. Doso maƙwabciyarmu ce, kuma in lokacin gasar ya zo kun san yadda shagunan Zango ke cika a gaban talabijin. Kowane wasan faɗa yana buƙatar mai kamawa ya ɗaga ya nana da ƙasa, irin Zangief na Street Fighter ko King na Tekken. Mu namu ba zane ba ne, da laya a damtse da kirari a baki.

To me ya sa ba a kawo su? Amsar ba ta da daɗi. Dambe sana'ar mahauta ce a asali, Rundawa ne suka riƙe ta suna yawo gari-gari bayan kaka, kuma Bahaushe ya daɗe yana cin naman mahauci yana raina shi. Muna son kallon ɗan dambe, ba ma son a ce shi ne fuskarmu a idon duniya. Ɗan boko yana ganin abin ƙauyanci ne, ustazu yana ganin layu, ɗan kasuwa yana ganin 'yan tasha. Sai ga shi baƙi sun gane abin da muka raina: kamfanoni irin su African Warriors Fighting Championship suna ɗaukar damben nan suna nuna wa duniya, miliyoyi suna kallo a YouTube. Ran da wani kamfanin Japan ko Amurka zai sa ɗan dambe mai naɗaɗɗen hannu a wasansa, ranar ce za ku ga waɗanda ke jin kunyarsa yau suna rige-rigen cewa namu ne.

Masu cewa ai duniya ba ta san Shago ba, suna ne ke sayar da wasa, su tuna da Street Fighter II na 1991. Jarumai takwas aka fara da su, babu wanda duniya ta sani a cikinsu. An gina su ne a kan salon faɗa: ɗan sumo daga Japan, ɗan kokawa daga Rasha, ɗan Indiya mai miƙa hannu kamar roba, 'yar Sin mai ruwan ƙafa. Ba a sa sarkin Japan ba, ba a sa Gandhi ba. Salon ne ya yi musu suna. Da aka tashi ba Afirka gurbi a Street Fighter III a 1997, sai aka kawo Elena 'yar Kenya aka ba ta kapuwera, wasan da aka sani da Brazil. Ko da yake bayin da aka kwasa daga nahiyar nan ne suka haife shi a can, abin yana nuna cewa masu zanen sun nemi salon faɗan Afirka ba su san inda za su duba ba. Laifin wa? Wanda ke da kaya bai baje ba.

Bayan 'yan dambe da 'yan kokawa, sauran gurabe na mutanen tatsuniya da na littafi ne, waɗanda ba su da jikokin da za su ji ciwo. Dodo shi ne babban abokin gaba na ƙarshen wasa, ba sai an yi shawara ba. Kura ga ƙarfi ga wauta. Botorami ga tsawo. Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, ya yaƙi Nasara ya yaƙi aljannu, an halicce shi ne don irin wannan fili. Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja zai riƙe gurbin ban dariya. Ga kuma Iliya Ɗanmaiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda nake so masu cewa sai Bahaushe tsantsa su tsaya su duba: asalin labarinsa na wani gwarzon Rasha ne, Ilya Muromets, aka yi masa riga da rawani ya zama namu har ba mai tambayar takardunsa. Bayajidda kansa, in aka bi labarin, daga Bagadaza ya zo. Al'ummar da tarihinta ya fara da baƙon da ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu ba ta da bakin korar baƙi. Abin da ake nema ga baƙo ɗaya ne, ya zo da faɗansa.

Ta wannan ƙofa maƙwabtanmu za su shiga, kuma ya kamata su shiga, don wasan da aka yi mafarkinsa a Arzeke ba zai zama na Hausawa su kaɗai ba. A sa mahayin Wasangari da mashinsa da adon dokin Gani, ba tare da an ce wane sarki ne ba. A sa jarumar Dahomey da addarta, ba tare da an laƙaba mata sunan wata ba. A sa Bafulatanin sharo da bulalarsa da madubinsa, wanda ƙarfinsa shi ne a dake shi bai motsa ba. A sa madugu da sandarsa da jakar guzuri, shi ne kakanmu mu 'yan zango, kuma in ana neman fuskar Bahaushen Benin a wasa to ita ce wannan. Kowa ya ga gidansu a allo, ba wanda aka taɓa kabarin kakansa.

Sharaɗi ɗaya nake kafawa a kan masu rai da iyalan waɗanda suka rasu. Ɗan dambe yana sayar da lafiyarsa ne a kan abin da bai taka kara ya karya ba, da yawa sun tsufa da karyayyen hannu da raunin ido babu abin da suka tara. Ronaldo bai shiga Fatal Fury kyauta ba, an nemi izininsa an yi yarjejeniya. Duk ɗan Paraku ko ɗan Kano da Allah ya ba ilimin kwamfuta ya tashi ƙera wasan nan, ya fara da zuwa gidan dambe ya gai da sarkin dambe, ya nemi mutanen da bakinsu, a rubuta abin da za a ba su. Haka makaɗa. Kalangu ba ado ba ne a dambe, shi ke tayar da tsumin ɗan wasa, kuma in ana son abin da zai bambanta wasanmu da na kowa, to a sa kiɗan ya zama shi ke cika ma'aunin ƙarfi: makaɗi ya kama taken gwaninka, jikinsa ya ɗau rawa, sannan hannun kisa ya buɗe. Kirarin kuma a bar shi da Hausa, kada a juya shi Faransanci, wanda bai ji ba ya tambaya.

Gurbi ɗaya ne na san za a yi rigima a kansa ko an yarda da duk abin da na faɗa, shi ne na Gizo. Ba shi da ƙarfin Dodo, ba shi da hannun Shago, bai taɓa cin kowa da gaskiya ba. Wasu za su ce a daidaita shi da sauran, a ba shi naushi da shuri kamar kowa. Ban yarda ba. A bar shi ya yi kamar ya mutu, ya saci ƙarfin abokin karawa, ya haye rufi in wuta ta yi wuta, ya turo Ƙoƙi ta karɓi dukan a madadinsa. Yaran da aka cinye da shi za su yi ta ihu suna cewa maguɗi ne, mai shago ya ce musu haka aka ƙera shi.